Masu Sauraron Tsofaffin Taurarin Ɗan'adam a Ingila

Mancesta da Bamingam suna cikin manyan biranen ƙasar Ingila, tsakaninsu kuwa kamar mil 70 ne in an miƙe sosai. Mutanen ƙasar Hausa sun san kayan garuruwan nan tun ba su san sunansu ba, gama a da audugar da a ke saye a kasuwannin Zariya da Funtuwa wajen Mancesta a kan kai ta a saƙa, ta komo akoko da atamfa. Bamingam kuwa garin maƙera ne. Amma a Ingila kanta abin da a ke yi wa Mancesta ba'a da shi shi ne ruwan sama. Ba su da damina da rani rababbu kamar na Kano. Iska ta kan taso daga tekun Atlantika, yamma da su, ta yi ta turo gizagizai kowane wata na shekara, har mutum ya kan fita da safe rana na haskawa, kafin azahar ya jiƙe sharkaf. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da a ka sami waɗansu mutane a can waɗanda babbar sha'awarsu ita ce su hango hadari ta bisansa, tun yana kan teku bai iso ba.

Mutanen nan ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuwa mai biyansu ko anini. Akwai malaman makaranta a cikinsu, da masu gyaran rediyo, da 'yan makaranta, da dattawan da su ka bar aiki. Abin da su ke yi shi ne su kafa eriya a bayan gida ko a kan soro, su saurari taurarin ɗan'adam masu duba yanayi sa'ad da su ke wucewa, su juya abin da su ka ji ya zama hoto. Hausawa kan ce gani ya kori ji, to, a wannan sha'ani ji ne ya ke haifar da gani.

Ga yadda abin ya ke. Tauraron ɗan'adam, wanda waɗansu ke kira kumbo, na'ura ce da a ke harbawa sama da roka ta riƙa kewaya duniya. Irin waɗanda a ke zance a kansu na wata hukuma ce ta Amurka mai lura da teku da iska, wadda a ke taƙaita sunanta NOAA. Suna tafiya kamar mil 530 bisa ƙasa, watau kusan nisan Kano da Ikko in tsuntsu ne ya tashi. Gudunsu ya fi mil 16,000 a awa, su kan kewaye duniya cikin minti 100 da ɗan kai. Ba gabas da yamma su ke bi ba, daga ƙurewar arewa su ke gangarowa zuwa ƙurewar kudu, su sake hawowa ta ɗaya gefen, duniya kuwa tana jujjuyawa a ƙarƙashinsu. Ta haka kowace ƙasa sai ta biyo ta gabansu. Da ya ke hanyoyinsu a arewa su ke haɗuwa, mutumin Mancesta ya kan sami wucewarsu sau da yawa a yini fiye da mutumin Kano.

A cikin cikin tauraron akwai wani madubi mai juyawa, wanda ke sharar ƙasa daga gefe zuwa gefe, faɗin sharar ya kai wajen mil 1,800. Ba ya ɗaukar hoto gaba ɗaya kamar mai hoto na kasuwa. Layi layi ya ke ɗauka, kamar yadda masaƙi ke jefa ƙoshiya, zare ɗaya bisa ɗaya har ƙwarya ta cika. Lokacin da ya ke aiki, kowane daƙiƙa ya kan aiko layi biyu. Yadda ya ke aikowa kuwa shi ne da wani siririn fito: inda ƙasa ta yi haske, kamar kan girgije ko ƙanƙara, fiton ya ƙara ƙarfi, inda ta yi duhu, kamar teku, ya rage. A farkon kowane layi akwai ɗan ƙwanƙwasa na alama, don na'urar da ke karɓa ta san inda za ta soma. Wannan ya sa wanda ya kasa kunne ya kan ji kamar agogon bango na bugawa cikin fito. Hoto biyu ne ke zuwa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na hasken rana, ɗaya na zafi. Na zafin ya fi ban mamaki, domin ko da tsakad dare ya kan fito, abu mai sanyi fari, mai ɗumi baƙi. Girgijen da ya yi tsawo ƙwarai kansa sanyi gare shi, don haka in an ga fari fat an san hadari ne mai ƙarfi.

Kada mai karatu ya zaci a kan ga gidaje ko tituna. Ɗigo guda na hoton ya rufe ƙasa mil biyu da rabi, watau daga Mancesta zuwa Bamingam ɗigo 30 ba su cika ba. Amma in sama ta washe a kan ga tsibirin Ingila ɗungum, da Faransa, da duwatsun Alps da farar ƙanƙararsu, wanda kuwa ba gini ya tare masa kudu ya kan samu har gaɓar Afirka ta Arewa da bakin Sahara. Wani lokaci ma ƙurar hamada ta kan haye teku ta sauka kan motocin mutanen Ingila, su wayi gari su ga ja-ja, kamar yadda ya faru a watan Maris na 2022. Ƙurar nan tana cikin abubuwan farko da ɗan'adam ya shaida daga sama. Ran 20 ga Fabrairu 1962, sa'ad da John Glenn ya ke kewaya duniya, ya yi magana da tashar da Amurkawa su ka kafa a Kano don bin sawun kumbonsu, ya ce yana hangen ƙura ta tashi, na Kano su ka amsa masa cewa an kwana biyu ana iska mai ƙarfi. Lokacin hunturu ne, ba Bakanon da zai yi mamakin wannan labari.

Muryar tauraron ba ta da ƙarfi, wat 5 ce kurum, ba ta kai ƙwan lantarkin ɗaki ba. Zangonta kuwa megahaz 137 ne, watau kamar mita 2 da ɗan kai a lissafin masu kama tashoshin rediyo. Duk da haka kayan kama ta ba su da wuya. Sanda biyu na ƙarfe, kowace inci 21, a buɗe su kamar bakin almakashi, a kwantar, su isa. Masu son abin ya yi kyau su kan nemi bututun jan ƙarfe irin na masu gyaran famfo, su murɗa shi kamar igiya. A da sai an sayi rediyo na musamman mai tsada, amma a 2012 waɗansu masu ƙwaƙulen na'ura su ka gano cewa wani ɗan abu mai araha da a ke soka wa kwamfuta don kallon talabijin yana iya kama kusan kowane zango. Tun daga nan abin ya zama na kowa. Wahalar mutumin birni ɗaya ce, hayaniya. A gari kamar Bamingam kowane gida cike ya ke da kayan lantarki masu ƙara a cikin rediyo, ga dogayen gine-gine na tare sararin sama. Shi ya sa da yawa su kan ɗauki eriyarsu su tafi fili ko kan tudu, su tsaya cikin sanyi minti 12 ko 15, iyakar abin da tauraron kan yi kafin ya faɗa bayan ƙasa.

Wannan sauƙi ba haɗari ba ne, da gangan a ka yi shi. Tauraron duba yanayi na farko da ya yi aiki sosai shi ne TIROS 1, wanda a ka harba ran 1 ga Afrilu 1960, ya yi kwana 78 yana aiki. Shi hotunansa sai manyan tashoshin Amurka kaɗai ke saukewa. To, hoton hadari kamar nono ya ke, in ya kwana ya tashi daga aiki. Sai a watan Disamba 1963 a ka gwada sabuwar dabara a kan TIROS 8: tauraron ya riƙa watsa abin da ya ke gani nan take, ba kulle ba asiri, kowa ke ƙarƙashinsa ya ɗiba. Ƙasar da ba ta da arzikin harba roka ta sami ganin samanta da kuɗi kaɗan. Salon muryar nan bai sāke sosai ba har shekara 60 da ɗoriya, abin da ba safai a kan samu ba cikin sha'anin na'ura.

Mutanen yankin Mancesta suna da gādon wannan sauraro. Kamar mil 20 kudu da birnin akwai wani wuri, Jodrell Bank, inda Jami'ar Mancesta ta gina wani ƙaton faranti na ƙarfe mai faɗin ƙafa 250, don sauraron taurarin Allah. Shugaban aikin, Bernard Lovell, bashi ya yi masa katutu, jaridu na ta zargi an ɓarnatar da dukiya. Ana cikin haka Rasha ta harba Sputnik ran 4 ga Oktoba 1957, farantin nan kuwa ya gano rokar da ta kai shi tana kewaya duniya, sai masu zargi su ka yi tsit. A watan Fabrairu 1966 kumbon Rasha mai suna Luna 9 ya sauka kan wata ya soma aiko wata irin ƙara. Mutanen Jodrell Bank su ka saurara, su ka gane ai wannan irin ƙarar ce da 'yan jarida ke aika hoto da ita ta waya. Su ka aro na'urar jaridar Daily Express su ka jona, sai ga duwatsun wata sun fito a takarda. An buga hotunan a Ingila kafin Rasha ta fitar da nata, ko da ya ke sun fito a matse, don ba a san gwargwadon faɗinsu da tsawonsu ba. Dabarar nan ta layi layi ita ce dai ta taurarin duba yanayi.

Amma wanda ya fi kusa da masu eriyar bayan gida shi ne wani malamin makarantar sakandare a Kettering, kamar mil 50 gabas da Bamingam, sunansa Geoffrey Perry. Daga 1960 shi da abokin aikinsa Derek Slater su ka riƙa sa yara suna sauraron kumbunan Rasha da tsohon rediyon soja, suna rubuta lokacin da a ka ji kowanne da lokacin da ya ɓace. A 1966 su ka lura wani kumbo, Cosmos 112, hanyarsa ba ta dace da filin harbin da kowa ya sani ba. Su ka jira waɗansu su ka biyo baya, su ka ja layukansu a taswira, layukan su ka gamu a wuri guda a arewacin Rasha. Filin Plesetsk ke nan, wanda Rasha ba ta yarda akwai shi ba sai a 1983. Ba su da kome sai kunne, da agogo, da haƙuri.

Taurarin ƙarshe masu tsohuwar muryar guda uku ne: NOAA 15 na 1998, da NOAA 18 na 2005, da NOAA 19 na 2009. Kowanne da halinsa, masu sauraro kuwa sun san su kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Na 15 shekara biyu a ka yi masa tsammani, ya yi 27. Da ya tsufa injin madubinsa ya kan cije, hoto ya fito zane-zane kamar saƙi, a ce ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ware. Na 19 kuwa tun bai bar ƙasa ba ya sha wuya, gama a 2003 ya sulluɓe daga kan abin da a ka ɗora shi a ma'aikata ya faɗi, don an kwance ƙusoshi 24 ba a mayar ba. An gyara shi, ya tashi, ya yi shekara 16. A 2025 hukumar ta sallame su duka: na 18 ran 6 ga Yuni, na 19 ran 13 ga Agusta bayan batirinsa ya lalace, na 15 ran 19 ga Agusta. Daga ran nan ƙwanƙwasar agogon nan ta ɗauke daga sama.

Mai karatu ya iya tambaya, tun da suna iya magana, don me ba a ƙyale su ba? Da tsohuwar zuma a ke magani. Masu sha'awa da yawa sun faɗi haka, akwai kuwa gaskiya cikin ƙorafinsu. Amma hukumar tana da hujja mai nauyi. Tauraron da a ka bari da wuta a jikinsa ba mai lura da shi, batirinsa ya kan yi ta cika har ya fashe. NOAA 16, wanda a ka sallama a 2014, ya tarwatse a watan Nuwamba 2015 ya zama ɗaruruwan gutsattsari. NOAA 17 ya bi sawunsa a watan Maris 2021, shekara takwas bayan an bar aiki da shi. A can sama ba iskar kirki da za ta ja tarkacen ƙasa da wuri, sai su yi shekaru aru-aru suna kewayawa, kowane guntu kuwa, ko bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ya fi harsashi gudu nesa ba kusa ba. Saboda haka tilas a kashe tauraro tun yana jin umurni: a raba batir da allunan da ke tsotsar hasken rana, a zubar da sauran iskar da ke cikin tankunansa, a rufe bakinsa. In an yi jinkiri har kunnensa ya toshe, shi ke nan, ba mai iya hawa ya kashe shi.

To, a nan ne zancen ya ke da daɗi, domin akwai waɗanda a ka kashe su ka ƙi mutuwa. NOAA 9 an harba shi a watan Disamba 1984, an sallame shi a 1998, amma wajen ƙarshen 1999 sai a ka sake jin fitonsa a kan megahaz 137.5. Ba hoto a ciki, fito ne kurum, shi ma sai rana na dukansa. Akwai wanda ya girme shi, Transit 5B-5, na sojan ruwan Amurka, wanda a ka harba a watan Disamba 1964 don nuna wa jiragen ruwa hanya. Masu sauraro sun yi ta jin sa a kan megahaz 136.65 bayan ya haura shekara 50 a sama, yana wani irin kuka mai hawa da sauka. Da ya ke zangonsa na maƙwabtaka da na taurarin yanayi, eriya ɗaya ce ke kama su.

Dalilin wannan farkawa ba aljanu ba ne. Sa'ad da batir ya lalace, sau da yawa cikinsa ya kan haɗe, ya riƙa shanye duk wutar da allunan rana su ka kawo, kamar rami a bakin rijiya. Tauraron ya yi shiru. Shekara da shekaru zafi da sanyi na cin batirin, ran nan sai haɗin ya tsinke, wuta ta wuce kai tsaye zuwa na'urar magana. In ya shiga rana ya yi kuka, in ya shiga inuwar duniya ya yi shiru. Haka a ka bayyana al'amarin OSCAR 7, wani ƙaramin tauraro da masu sha'awar rediyo su ka ƙera da kansu, a ka harba a 1974, ya mutu a 1981, wani mai sauraro a Ingila ya sake jin sa a watan Yuni 2002. Haka kuma LES 1 na 1965, wanda ya yi shiru a 1967, wani mutumin Cornwall a kudu maso yammacin Ingila ya tsinkayi muryarsa a ƙarshen 2012. Shi wannan yana ta wulwulawa ne a sama, kowane daƙiƙa huɗu ya juya, don haka muryarsa ke rawa. Abin lura shi ne duka biyun ba hukuma ce ta gano su ba. Manyan tashoshi suna da aikin gabansu, ba mai ba su kuɗi don su saurari matacce.

Sai dai kunne ya kan yaudari mai shi, musamman in yana ɗokin ji. Ingila tana da tauraro guda tak da ta harba da rokarta ta kanta, Prospero, ran 28 ga Oktoba 1971, daga Woomera ta ƙasar Ostareliya. Zangonsa megahaz 137.56 ne. Bayan an daina aiki da shi mutane sun sha cewa sun ji shi, alhali kuwa waɗansu taurarin wani kamfanin Amurka sun shigo wannan zangon, mai yiwuwa ne su a ka ji. A 2011, da ya cika shekara 40, masana daga wata kwalejin Jami'ar London sun yi ƙoƙarin tashinsa, ba su sami amsar da za su tabbatar ba. Hanyar rarrabewa ita ce ta yaran Kettering. Da fari a duba lokaci, a ga ko ƙarar ta soma daidai sa'ad da lissafi ya ce tauraron zai ɓullo, ta kuma ƙare sa'ad da zai faɗi. Sa'an nan a duba muryar. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin dogo ya san usur ɗin jirgin ƙasa ya kan yi tsini in yana tahowa, ya yi kauri in ya wuce. Haka ta tauraro ta ke: ta kan ɗaga kamar kilohaz 3 in yana gabatowa, ta sauka kamar haka in ya ba da baya. Ƙarar da ta tsaya wuri ɗaya ba ta motsi, wannan daga gidan maƙwabci ta ke.

Masu son hoto kuwa, bayan Agustan 2025 sun juya ga taurarin Rasha masu suna Meteor-M, waɗanda a ka harba a 2023 da 2024, gama su ma a megahaz 137 a ka sa su magana, tsohuwar eriya ta isa. Hotonsu ya fi kyau, ɗigo guda bai kai mil ɗaya ba. Amma maganarsu ta lambobi ce irin ta kwamfuta, a kunne ba ta da bambanci da shuuu ɗin rediyon da bai kama tasha ba. Tsohuwar muryar in ta raunana hoto ya kan yi dishi-dishi amma a gane shi, ita wannan in ta raunana sai layukan su ɓace ɗungum, baƙi ya maye wurinsu. Sauran sababbin taurari na Amurka da na Turai sun hau zango mai nisa, wanda sai da faranti mai bin su yana juyawa, kuɗinsa kuwa ya fi ƙarfin ɗan makaranta.

Su ukun da a ka kashe a 2025 suna nan suna kewayawa, suna bi ta kan Mancesta da Bamingam da Kano kullum, ba za su faɗo ba a zamanin kowa da ke raye yau. An raba su da batirinsu, an rufe bakinsu, don haka ba a sa ran su farka. Duk da haka zangonsu sananne ne: 137.62 na NOAA 15, da 137.9125 na NOAA 18, da 137.1 na NOAA 19. Lissafin lokacin wucewarsu kuwa kowace kwamfuta tana iya yi, wanda ke da eriya ba ya rasa kome in ya bar rediyonsa a buɗe.